Tsinken Kuka

A wani daji akwai zuriyar shamuwa masu tsohuwar doka. Kakanninsu a kan wata kuka suka zauna, har ranar da kukar ta faɗi suka watsu. Tun daga nan aka ce ba a saka ɗan tsako cikin zuriya sai an ƙyanƙyashe shi a sheƙar da ke da tsinken wannan kuka. Wanda ba a saka ba kuwa, ba ya bin ayari zuwa kudu in damina ta wuce, kuma rani ba ya barin ɗan shamuwa da rai.

Wata shamuwa, Asabe, a kan rufin kwano take sheƙa, can cikin gari. Ba ta kiyaye ranar hutu, waƙar asuba ma rabinta ta sani. Amma kowace shekara tana cikin ayari, kuma in aka yi rashi ita ke fara isowa. Bana ta ƙyanƙyashe uku, babu tsinke, don nata iska ta tafi da shi. Saura kwana tara a tashi ta kai ƙara majalisa.

Baba Jatau, shugaban majalisa, ya gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, yadda ya saba in ba ya son motsi. Ya ce, "'Yata, tausayinki muke ji. Amma na farko gaggafa ne, mu kuwa sauro. Wa ya isa ya taɓa abin da suka ɗaure? Kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Asabe ta ce, "Baba, da shaho ya bi mu bara, bai tambaye ni ko ina hutun mako ba. Ya ga fuka-fukina irin naku, ya kawo farmaki. Shekara goma kuna cewa ba ku isa ba. Hana abu kun isa, gyara shi ne kuke zama sauro? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Dattawa suka shiga gyaran gashi.

Sai Goggo Dela, tsohuwar da ke rabon tsinke, ta yi tari. Ta ce, "Jatau, kawo naka mu gani." Aka kawo. Ta juya shi da baki ta ce, "Gawo ne. Tsinken kuka ya ƙare tun zamanin kakata. Majalisar lokacin ta kwana uku tana musu har wasu suka daina gaisawa, sannan ta yanke cewa duk tsinken da ya yini kusa da na gado ya zama na gado. Da sun ce su sauro ne, da babu kai, babu ni."

Baba Jatau ya sauke ɗaya ƙafar.

Goggo ta juya ga Asabe. "Ke kuma, kada ki yi dariya. Waɗancan sun gyara doka ne don sun san ta ciki da waje. Ba a gyara igiya daga nesa. Za ki zo ki zauna a nan duk mako, ki koya, ki yi mana rashin kunyarki a gabanmu."

"Ko ban yarda da rabinta ba?"

"Kakata ma ba ta yarda da rabinta ba."

Asabe ta sunkuyar da kai, ta ce, "Allah ya jiƙan masu musu." Dattawa suka amsa da amin, har da Jatau, wanda ya ajiye tsinkensa kusa da wani sabon tsinke da bakinsa. Da ya yini aka kai shi sheƙar Asabe, aka ce ya wadatar ko da an riga an ƙyanƙyashe 'ya'yan.

Ranar tashi, 'ya'yan uku suna tsakiyar ayari. Mai shela ya kewaya daji yana sanar da cewa majalisa ta zauna, kuma kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni, ba ta canza komai ba.