Ranar Da Na Zama Ma'aunin Rumbun Tsahara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka zo auna rumbuna, kuma ko na so in manta mutanen garinmu Deule ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta bakin rijiya sai wata marar kunya ta ce, "Inna, ɗan tsaya nan mu ga tsawon bangon ga."

Ni dai ban taɓa zama kan bencin lakwal ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Amma jikata Rakiya, ɗiyar babban ɗana, ta yi karatu har ta kai babban birni, ta shiga inda ake koyon zanen gine-gine. (Da aka faɗa mini na ce, yanzu lakar da muke kwaɓawa da ƙafa ita ce sai an je birni an koyo? Aka ce in yi shiru, na yi.) A shekararta ta farko mushensu, wato malaminsu, ya ce kowane ɗalibi ya nemi tsohon ginin ƙasa, ya auna shi, ya zana a takarda, sa'annan ya yi ɗan ƙaraminsa da kwali. Wanda bai kawo ba, sai ya sake shekara.

Rakiya ta bugi ƙirji ta ce kakarta na da rumbun da babu irinsa duk Adar. Ba ta yi ƙarya ba. Marigayi maigidana ya gina shi tun muna da ƙarfi, ni na ɗebo ruwan kwaɓin. Kamar ƙatuwar tukunya yake, ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, da duwatsu da aka soke a jikinsa ana takawa a hau, da hular ciyawa a kai. Ta yi ta kuranta shi har mushen ya ce zai zo da kansa, da wasu 'yan ajin, su kama mata awo.

Ta kira ni a salular baffanta ta ce, "Kaka, muna tahe bayan girbi. Don Allah don Annabi kar ki taɓa komi. Ki bar shi yadda yake."

Na ce, "To, ɗiyata."

To ku ji ni da kyau. Tun da nake, wane baƙo ne bai ce "kar ki wahalar da kanki" ba? Kuma wace matar kirki ce ta ji haka ta zauna? Na fita na dubi rumbun da idon mutanen birni, sai na ga tsufa: jiki duk zaizayar ruwa, hular ta yi baƙi, tantabaru sun yi abin da suka saba. Na ce wallahi ba za a zo daga birni a yi wa jikata dariya a kan gidan kakarta ba.

Kuma akwai Tsahara. Tsahara taubashiyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, tun muna 'yan mata muke cin naman juna. Nata rumbun ya karkace kamar mai ciwon ƙugu, ya tsage, an tokare shi da itace. Ina son ta gani da idonta yadda ake tarbar manyan baƙi.

Na sayar da tunkiyata na kira magini. Ya shafe rumbun da siminti sumul. Duwatsun hawa na ce ya kakkarye su, ai kamar haƙoran tsohuwa suke, aka kawo tsanin ƙarfe. Hular ciyawa aka sauke aka ba jakai, aka ɗora murfin kwano. Maginin ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Inna, laka fa ba ta shiri da siminti." Na ce da shi ba shawara na kira shi ba. Daga ƙarshe aka yi fenti, shuɗi shar, irin na ƙofar asibiti.

Tsahara ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ke, aure za ki yi masa?"

Na ce, "Ki ji da naki gurgun."

Ranar da suka zo na sha shaddata ta Salla, na kafa ɗaurin kallabi wanda sai na sunkuya zan shiga ɗaki, na zuba 'yan kunne da warwaro, na turara jiki. An dama fura, an yi kwaɗon zogale. Mota ta tsaya, suka fito da manyan alluna da igiyar awo, mushen a gaba, wani siriri mai sanyin murya. Rakiya ta rugo ta rungume ni, sa'annan ta ja su zuwa bayan ɗaki tana cewa, "Ku zo ku gani, ku zo ku gani!"

Sai na ji shiru. (Na ɗauka mamaki ne. Ai mamakin ne, amma ba irin wanda na biya da tunkiya ba.)

Na iske su tsaye cirko-cirko. Rakiya ta juyo ta ce, "Kaka, ina rumbun?"

Na ce, "Ga shi gabanki, ko karatun ya ci miki ido?"

Wani yaro cikinsu ya ce da na kusa da shi, a hankali wai kar in ji, "Ai wannan tankin ruwa ne."

Mushen ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya cire hularsa ya riƙe kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ya ce, "Inna, sannu da ƙoƙari. Amma mu hannun wanda ya gina muka zo gani, inda ya ɗora laka kan laka, inda ruwa ya ci, inda ƙafa ke takawa. Duk an rufe." Ya juya ga Rakiya ya yi mata magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ba, amma na ga idonta ya cika. Na ja ta gefe, ta ce mini, "Ya ce wanga ba zai karɓu ba. In ban sami wani ba yau, na faɗi."

Na dube ta. Yarinyar da uwarta ke soya ƙosai don ta yi karatun nan.

Sai ga murya daga kan katanga: "In tsohon abu kuke nema, nan gidan akwai rumbu, akwai mai rumbu."

Mushen ya leƙa. Wallahi fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir da Makka. Ya ce, "Wanga! Dubi yadda ya jingina bai faɗi ba!" Gurgun fa. Wanda na yi shekaru ina yi wa dariya.

Tsahara ta ce, "A'a, Mushe, ba haka ake shiga gidan mutane ba. Mai tankin ruwa ta zagayo ta ƙofa ta roƙa."

Na dubi Rakiya, na dubi ƙasa, ƙasa ba ta tsage ba. Na zagaya da shaddata tana kwaram-kwaram, yaran unguwa na biye da ni. Na yi sallama na ce, "Tsahara, ki ba jikarki aron rumbu."

Ta sa hannu a kunne ta ce, "Wanne? Gurgun?"

Na ce, "Mai albarkar."

Nan suka baje. Wasu na jan igiya, wasu na zaune a ƙasa da alluna bisa gwiwa, Rakiya ta hau can sama tana kiran awo. Can sai mushen ya ce ana son mutum ya tsaya jikin rumbun. Tsahara ta ce, "Ni na ranƙwafa. Ku sa waccan, ita ce miƙaƙƙiya kamar taɓarya, ga kwalliya ta sha."

Sai zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe Allah bai manta da ni ba: rumbun na Tsahara, amma fuskar da za a kai birni tawa ce. Na gyara kallabi, na ɗaga haɓa, na ɗora hannu a ƙugu yadda warwaro zai fito. Rana ta take, zufa na bin bayana, ƙuda ya sauka a hancina ban kore shi ba. Akuyar Tsahara ta zo tana taunar bakin zanena, na yi ta harbinta da diddige ba tare da na motsa fuska ba. Mata sun cika kan katanga suna kallo, ni kuwa har da ɗan murmushi na gefen baki.

Da aka gama na ce a nuna mini abin da suka zana. Na farko, rumbun ya fito har tsagar jikinsa, har itacen tokari, kamar ka taɓa. Kusa da shi wata baƙar inuwa, ba ido, ba hanci, ba warwaro. Na biyu haka. Na uku ma kara ne kawai aka ja, aka ɗora masa wani tulu a ka, wai kallabina.

Na ce da ƙarfi, gaban kowa, "Ina fuskata?"

Wata yarinya mai tabarau ta ce cikin ladabi, "Inna, ai ba a sa fuska. Ana tsayar da mutum ne don mai kallo ya gane girman gini. Ke ma'auni ce."

Tsahara ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Ta ce, "Da kun faɗa tun farko ai da taɓaryar muka jingina, mu bar baiwar Allah ta sha inuwa!" Katanga duk ta ɗauki shewa. Furar da na dama ma a gidan Tsahara aka shanye ta.

Rakiya ta ci shekararta, alhamdu lillahi. Da ta dawo hutu ta zo da ɗan rumbun kwali, karkatacce, da wata 'yar mutum-mutumi kamar tsinke a gefensa, mai ƙaton kai. Tsahara ta ajiye shi bisa jeren kwanoninta, duk wanda ya shiga sai ta nuna masa ni.

Nawa rumbun kuwa, damina na sauka simintin ya fara ɓamɓarewa yana tafiya da laka, ciki ya yi gumi, hatsi ya soma wari. Kun san inda na kwashe shi na kai ajiya? Wurin gurgun.

Yanzu in ɗan zamani ya ce mini kar in taɓa komi, hannuna nake sawa ƙarƙashin cinya in zauna a kai. In kuma wani ya ce in tsaya a zana ni, sai na tambaya tukuna: ni ake so, ko abin da ke bayana?