Fentin da Na Yi wa Katafilar Kakana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dangi a unguwar Madina ta birnin Akara don su ga katafilar kakana ba. Ni na kafa rumfa, ni na jera kujeru, ni na bi gida-gida a unguwarmu ta Nima ina gayyatar mutane su zo su kalli wautata da idonsu.

Katafilar tsohuwar tarakta ce mai tafiya kan sarƙa. Kakanmu, Baba Direba, ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin hanya da madatsun ruwa da ita a arewacin Gana. Da ya tsufa sai ya ajiye ta a filinsa na Madina, don lungunanmu na Nima ko amalanke da ƙyar yake wucewa. Can ta yi tsatsa, awaki suka mayar da ƙarƙashinta ɗaki. Bayan rasuwarsa ba wanda ya waiwaye ta sai ni, mai digiri ɗaya tilo a gidan (kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba). Na ce zan tayar da ita, in rubuta tarihin duk inda ta yi aiki, tunda a ganina sauran dangi ban da gardamar ƙwallo ba abin da suka iya.

Na ɗauko Masta Isaka, wani makaniki na unguwar Mamobi. Wata bakwai yana fama: ya kwance injin, ya yi waldar sarƙa, ya bi wuraren 'yan gwangwan yana tsinto kayan gyara. Ni kuwa na rataya jaka na shiga yawon ofisoshi, daga Akara har Tamale, ina tambayar takardun aikin da aka yi tun kafin a haife ni. Abin da na samo duka-duka takarda ɗaya ce mai lambar inji, ita ma ɓera ya ci rabinta.

Da aka zo fenti, Masta Isaka ya kira ni ya nuna mini murfin injin. Ƙarƙashin tsatsa akwai wasu zane-zane layi-layi, tun daga sama har ƙasa.

"Oga, wannan ya yi kama da rubutu fa. A bari wani babba ya duba tukuna."

"Rubutun wa? Yara ne suka karta da ƙusa. Kai ba ka san yaran zango ba?"

Na ƙara masa da Turanci mai tsawo kan yadda ake gyaran kayan tarihi a ƙasashen da suka ci gaba (a waya na gani, bidiyo biyu). Bawan Allah ya sa injin guga ya cinye zanen, ya cike ramukan, ya fesa ruwan ɗorawa. Ina tsaye a kansa ina shafawa da hannu, duk inda na ji gurbi sai in ce a sake.

Ranar taro injin ya tashi a bugu na uku. Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka rangaɗa guɗa, kaina ya kumbura. Na karɓi makirfo na fara jawabi. Na ba da labarin wahalar da na sha a Tamale, sannan na gyara murya na ce abin takaici magabatanmu ba su da al'adar ajiye tarihi, kakana bai bar mana ko layi ɗaya ba. Har da girgiza kai.

Ina cikin haka sai Goggo Hawa ta miƙe. Yayar marigayi babana ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Makola, matar da ba ta iya magana a hankali ba. Ta dogara sandarta har gaban katafila, ta shafa murfin, ta sake shafawa.

"Kai, ina rubutun Baba?"

"Wane rubutu, Goggo?"

"Ajamin da ke nan! Duk garin da ya gama aiki, sai ya sa guduma da ƙarfe ya sassaƙa sunan garin. In an yi masa haihuwa yana can, ya sa sunan ɗan a gefe. Ni ina kusa da Salaga. Babanka yana nan, gefen Yendi." Ta buga sandarta a wani wuri mai santsi yana ƙyalli.

Masta Isaka ya sunkuyar da kai, wai shi mai rufin asiri. Daga baya can wani ɗan baffana ya ɗaga murya:

"Cale, abokai, Farfesa ya goge tarihi a Madina, ya tafi nemansa a Tamale!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ni kuma na manta makirfo yana hannuna, salatin da na saki sai da ya kai bakin titi. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Makarantar allon da ka gudu, ga ta nan ta kama ka." Wallahi kunya ta ishe ni, amma abin da ya fi ci mini rai sunan babana ne, da babansa ya rubuta da hannunsa, kuma ni na tsaya aka goge shi.

Sati uku ina zarya rumfarta a Makola da littafi, ina zaune kan benci tana ciniki tana zagina tana tuno garuruwa. Ta kawo tara. Sauran ta ce in je in tambayi digirina.

Yanzu ko tsohuwar tukunya na tsinta a gidanmu, ba na kusantar ta da soso sai na kai wa Goggo ta duba.