Dattijuwa Ta Tafi da Babi na Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni babbar 'yar Malam mai lissafi, a madadin iyalan gidanmu, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da ɗaliban Baba na kusa da na nesa rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma ta koya mana haƙuri ko muna so ko ba ma so. In ka kunna ta, sai ka je ka ɗora ruwan zafi, ka dawo, sannan ta ce "tin-din" a hankali, ta buɗe ido. Ba ta taɓa gaggawa don kowa ba. Amma ba ta taɓa korar kowa ba. A kanta ƙanwata ta rubuta takardar neman aiki har sau tara kafin a dace. A kanta Yaya tela yake ajiye hotunan ɗinkinsa. Maƙwabta kuwa sun mayar da ita ofishin unguwa, wannan wasiƙar mai gida, wancan katin makarantar yara, ko na gode ba kowa ke faɗa mata ba. Da manhajojin zamani suka yi mata nauyi, ta zauna da tsofaffinta, ba ta ji kunyar kowa ba.

Babban aikinta dai na Baba ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da lissafi. Da ya ajiye alli, sai ya ce abin da ke kansa ba zai bi shi ƙasa ba. Kullum da safe yakan zauna a kujerarsa ya yi ta faɗa, ni ina bugawa, Dattijuwa tana amsawa, "ƙas, ƙas, ƙas." Babi goma sha biyu na littafin lissafinsa muka yi cikin shekara huɗu. Duk babin da ya kammala, nakan tura wa ɗalibai ta waya kyauta, su ma su tura wa wasu. Sha ɗaya sun fita duniya. Na sha biyu, wanda Baba ya fi ji da shi, ni na riƙe shi, wai sai na gyara kurakuran bugu kada a yi mana dariya. Ana haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, harshensa ya yi nauyi. Yau wata bakwai ke nan bai haɗa kalma uku ba.

Ta daɗe tana jinya, mu ne muka ƙi gani. Batirinta ya mutu tun tuni, da wayar wuta take rayuwa kamar mara lafiya a kan ƙarin ruwa. Bayanta ya karye, sai da gwangwanin sukari muke tokare ta. Fankarta tana ta nishi, "fuuu, fuuu," muna cewa tsufa ne. Kuma ga Allah ga Annabi, ta yi mana wasiyya. Kowace Litinin takan fito da ɗan saƙo tana roƙon in kwafe abin da ke cikinta in ajiye a wani wuri. Kowace Litinin nakan danna "daga baya." Ba yara ba ne, ba wutar lantarki ba ce, ni ce da wannan yatsan nawa.

Ranar Talata ta ce "ƙit, ƙit, ƙit," sau uku, fuskarta ta yi baƙi. Na rungume ta a zane har shagon mai gyara. Ya buɗe ta, ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya mayar da sukurorin ɗaya bayan ɗaya bai dube ni ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba uku, da firintar da tun ranar ba ta ci takarda ba, da gwangwanin sukari da ya rasa aikin yi. Ta kuma bar filashi na adana bayanai sabo fil, wanda Yaya ya sayo shekara uku da suka wuce don wannan rana, yana nan cikin ledarsa ko ɓarewa ban yi ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a nannaɗe ta da tsohon tawul, a sa ta a saman kabad. Ba ma buƙatar kujeru ko rumfa. Roƙonmu ga duk wanda ya taɓa karɓar babi daga hannunta, ko a waya yake ko a takarda, ko da shafi ɗaya ne mai ɗigon mai, ya zo mana da shi mu harhaɗa. Kada kowa ya wahalar da kansa neman na sha biyu, babu wanda na ba.

Masu zuwa gaisuwa su tsaya a ƙofar kicin, su yi ƙasa da murya, don Allah kada wanda ya yi ta'aziyya a falo. Baba bai sani ba. Kullum da safe yana nuna teburin da hannunsa mai lafiya, ya ɗaga yatsu biyu, alamar tambayata ko na tura wa yaran na sha biyun. Ni kuma ina ce masa tana caji.