Dutsen da Ya Tsaya Gaida Mai Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗiyata ta mayar da ni dutse a gaban jama'a. Ni mahaƙin rijiya ne. Sau biyu ƙasa ta rufta da ni, a Danchadi da Sifawa, kuma na fito da ƙafafuna. Ban yi boko ba, ban san tsoro ba. Kunya ce kawai ban iya da ita ba.

Hadiza, autata, ta yi shekara biyu tana koyarwa a makarantar ƙauyenmu a matsayin 'yar sa-kai. Sai aka ce wata jami'a za ta zo daga Sakkwato ta ga darasinta. In ya yi, a ɗauke ta aiki. In bai yi ba, shi ke nan. Aka gayyaci iyaye. Har mai gari ya zo.

Da hantsi Hadiza ta fito da kowa fili. Ta zana babbar da'ira da toka, ta kife ƙwarya a tsakiya, ta ce ita ce rana. Ta ce akwai wata ƙatuwar duniya, Mushtari, mai cin kusan shekara goma sha biyu kafin ta zagaye rana sau ɗaya. Akwai kuma dutsen da ke bin hanya ɗaya da ita, yana gaba tana baya. Ba ta cim masa, ba ya tsere mata. (Na ce a raina, dutsen nan bai samu tarbiyya ba.)

Ta roƙi mai gari ya zama Mushtari. Mutum ne mai jiki da raha. Ya tattare babbar riga ya hau layin toka. Sai ta juyo gare ni.

"Baba, taho, kai ad dutse."

"Ni?"

"Tahiya ɗai za ka yi. Kada ka tsaya, kada ka waiwaya."

Ta tsayar da ni taku goma a gabansa, aka fara zagaye.

To ni na haura sittin ban taɓa ba mai gari baya ba, ubana ma bai ba ubansa ba. A wurinmu in ka ji shi tafe, ka tuɓe takalmi ka durƙusa har ya wuce. Yau ga ni gabansa, da takalmi, ƙeyata na kallonsa. Na daure rabin zagaye. Ina jin takunsa, ina jin numfashinsa. Da ya yi gyaran murya, gwiwoyina ba su nemi shawarata ba. Na tuɓe, na durƙusa a kan layin.

"Ranka shi daɗe, a wuce."

Shi kuwa yana ɗaga wa iyaye hannu, bai gan ni ba. Ya yi tuntuɓe da ni. Mushtari ta kife, rawani ya warware, ƙafarsa ta shure ƙwarya, rana ta gangara ƙarƙashin kujerar baƙuwa. Yara suka kece da dariya. Na ga jami'ar tana rubutu. Wallahi na gwammace rijiyar Sifawa ta sake rufta da ni.

Daga ƙasa mai gari ya ce, "Kai mahaƙi! Ƙasa ta kasa kashe ka, ni za ka kashe?"

Hadiza ko gezau. Ta bari aka tashe shi, ta dubi yara.

"Mi ya hana dutse karo da Mushtari?"

"Tahiyarsu ɗaya, Malama!"

"In dutse ya tsaya gaisuwa fa?"

"Sai mai gari shi hwaɗi!"

Shi kansa ya fi kowa dariya. Sannan Hadiza ta ce ba dutse ɗaya ba ne, duwatsun ayari biyu ne, na gaba da na baya. Ta kama hannuna, ta ce a hankali, "Baba, koma baya, can ma wurinka na."

Na koma taku goma bayan mai gari, takalmi a hannu. Zagaye uku muka yi, ko kuskure ɗaya babu. Ban jin an taɓa samun dutse mai biyayya irina.

An ɗauke ta aiki. Ban tambaya ba ko faɗuwar ta shiga takardar jami'ar. A kasuwar Bodinga kuwa Baba Dutse ake ce mini har yau, kuma ina amsawa.

Na dai koyi abu guda: ladabi ma yana da wurinsa. In ɗiyarka mai ilimi ta ce kada ka tsaya, to kada ka tsaya, ko wa ke gyaran murya a bayanka.