Saƙon da Na Ɗauka a Kan Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin abokina Danladi ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Agyaragu ba za su bari ba.

Daga waya abin ya faro. Akwai wani shago a kan hanyata daga Akurba zuwa ofishinmu na Shabu, kullum sai na rage gudun babur na leƙa wata waya da ke cikin gilashi. Siririya ce, ruwan toka, idan rana ta taɓa bayanta sai ta yi ta ƙyalli. Nakan isa ofis in zauna gaban takardu, amma hankalina yana can wajenta. Ranar da na daure na shiga saye, mai shagon ya dubi tsohuwar wayata ya girgiza kai.

"Oga, bari in gaya maka gaskiya. Tokumbo ce, an yi amfani da ita a ƙasar waje, a kulle ta zo. Sim na kamfani ɗaya kawai take karɓa. Wannan layin naka ba zai shiga ba."

Layin nan tun ina makaranta nake riƙe da shi, bai taɓa ba ni kunya ba. Amma ko gezau ban yi ba, na cire shi na yi rajistar sabo a nan take.

A nan ya kamata in faɗi ainihin dalili. Danladi yana da ƙanwa, Rifkatu, wadda ta tafi ƙasar waje karatun jinya. Tun muna sakandare nake sonta, kuma duk tsawon lokacin nan abin da na taɓa iya ce mata bai wuce "Ya karatu?" ba. (Ita kuwa Yaya take ce mini, da wani irin ladabi mai karya gwiwa.) A cikin kaina na riga na shirya komai: kiran bidiyo, fuskarta ta cika gilashin wayar, dusar ƙanƙara tana sauka a bayanta, ni kuma ina magana a hankali kamar mutumin da ya san duniya.

Don haka da Danladi ya ce Rifkatu ba za ta samu zuwa bikin ba, har mahaifiyarsu ta yi kuka, sai na bugi ƙirji.

"Bar mini wannan. Za ta ga komai kamar tana zaune a kujerar gaba."

Ranar biki na sa farar shadda, na hau babur. Muna fita daga Lafia na ga sandunan sabis suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu isa Agyaragu babu ko ɗaya. A filin da aka kafa rumfuna kuwa, tsofaffi masu ƙananan wayoyi ɗaure da roba sai kira suke yi suna dariya. Ni kaɗai ne riƙe da madubi mai tsada.

Mahaifiyar Danladi ta zo da ɗaurin ashobinta, ta kama hannuna.

"Ɗana, ina Rifkatu? Ka kira ta?"

"Yanzun nan, Mama. Tana haɗawa."

Ina cikin wannan zufa sai mai kiɗa ya ce amarya tana son wata waƙa, shi kuma ba shi da ita. Ina da ita! Na miƙa wayar da alfahari, ya haɗa ta da lasifikarsa ta bulutut, ba tare da igiya ba, waƙa ta tashi, ya maido mini da abata. Wani dattijo da ya lura da yadda nake ɗaga waya sama ya nuna mini bishiyar mangwaron da ke bayan teburin kiɗan.

"Masu irin layinka can sama suke hawa," in ji shi.

Na duba hagu da dama, na tattare shadda, na hau.

Gaskiyarsa. A reshe na sama sanda ɗaya ta leƙo. Na gwada bidiyo, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sai na jingina da reshe ina huci, kuma a nan ne hankalina ya tafi. Daga sama ana hango kunyoyin doya sun miƙe har inda ido ya tsaya, hadari yana taruwa can nesa, iska mai ƙamshin ƙasa tana kaɗa ganye. Mata a ƙasa suna juyi cikin kaya iri ɗaya kamar furanni. Na ji wani irin ƙarfin zuciya da ban taɓa ji ba a ƙasa. Na ce tunda bidiyo ya ƙi, bari in ɗauki murya in tura mata.

Da bayanin biki na fara. Ban san lokacin da na kauce hanya ba.

"Rifkatu," na ce, "kowa ya yi kyau a nan, amma wurin kamar miya ba gishiri. Ni fa na gaji da wannan Yaya da kike ce mini. Saboda ke na bar layina. Yanzu haka a kan mangwaro nake, tururuwa suna cizona, amma ko a jikina."

Na gama, na ce bari in saurara in ji yadda ta fita. Na danna.

Muryata ta fito da wani irin kauri da zaƙi, ta cika sama da ƙasa, har tana dawowa daga bangon coci. Wallahi lumshe ido na yi. Na ce a raina, lallai wannan waya ta cancanci wahalar da na sha! Don daɗi har na sake dannawa.

A zagaye na biyu ne na lura babu kiɗa. Babu motsin cokali. Na buɗe ido na leƙa ta cikin ganye, sai na ga dukan filin, da ango da amarya da fasto, sun ɗaga kai suna kallon mangwaro. Lasifika kuwa tana ta sanar da jama'a cewa tururuwa suna cizona.

Wata gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa. Daga nan wuri ya fashe. Mai gabatarwa ya ɗauki makirfo ya ce, "Abeg, a taimaka wa surukinmu ya sauko!" Danladi ya yi dariya har sai da amarya ta riƙe shi. Na sauko da ƙyar, shadda ta yage a gwiwa, na tarar da Mama tsaye a gindin bishiyar, riƙe da faranti.

"Ci abinci tukuna, ɗana," ta ce, ko murmushi ba ta yi ba. "Idan da gaske kake, gidanmu yana da ƙofa. Ka turo manyanka."

Abin da ya fi ƙona mini rai, saƙon bai ma tafi ba. Duk Agyaragu sun ji, ban da wadda aka yi dominta. Amma kafin in isa gida gwaggonni sun kai mata labari, kowace da irin nata ƙarin. Washegari ta kira ni, ta yi ta dariya har tana tari, sannan ta ce, "To, in na daina cewa Yaya, me zan ce?"

Daga baya dai na samo mata amsa, manyana kuma sun je.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan maganar da ke ranka ta yi nauyi, ka faɗa wa mai ita kai tsaye, ƙafarka a ƙasa. Idan kuwa dole sai ka hau bishiya, to ka fara kashe bulutut.