Shari'ar Baunar da Ta Faɗa Tafki

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda rani kan shanye kowane rafi ya bar tafki guda tak, majalisar dabbobi ta kafa doka: kowa ya sha daga gefe, kada wanda ya tsoma ƙafa ya dama wa jama'a ruwa. Wanda ya shiga da gangan a kore shi daga dajin. Wanda ya shiga bisa kuskure ya tsaya gaban jama'a ya yi nadama, a yafe masa.

Akwai wata bauna mai suna Tasalla, ba ta da yawan magana, tana da ɗan maraƙi da bai daina shan nono ba. Wata rana da hantsi tana shan ruwa, sai wani ɗan bushiya ya zame daga kan gaɓa ya nutse. Tasalla ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga kanta a tsakiyar tafki, ruwa har ƙirji, ɗan bushiya yana tari a kan hancinta. Tafkin kuwa ya koma kamar kunu.

Washegari aka kira ta ƙarƙashin gamjin da ke bakin ruwa. Magajin Daji, wani tsohon gwaggon biri mai sandar girma, shi ke shugabanci. Jimina ce mai gabatar da ƙara.

Jimina ta miƙe wuya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu taru don ɗan bushiya ba, yana nan da ransa, muna taya uwarsa murna. Mun taru ne don doka, kuma doka kalmomi biyu ta sani. Tasalla, da gangan kika shiga ko bisa kuskure?"

Tasalla ta dubi maraƙinta. Ta san kora a wannan rani ƙishirwa ce za ta kashe su tun ba su kai wani dajin ba. Kalma ɗaya, wato "kuskure", za ta kuɓutar da ita. Sai ta hango Dela, uwar ɗan bushiya, ta ƙanƙame ɗanta tana kallonta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban yi niyya ba, don ban ma samu lokacin yin niyyar ba. Amma ba zan tsaya gaban Dela in ce ceton ɗanta kuskure ne, ina nadama ba. Jikina ne ya riga ni."

Wuri ya ruɗe da surutu. Nan Aku, wanda ya taɓa zama a keji a gidan wani malamin makaranta a birni, ya nemi izini.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a harshen Bature akwai kalma guda da aka yi ta don irin wannan. Ana jingina ta ga aiki, sai ta nuna cewa an yi shi kafin tunani ya iso. Da ita ake cewa uwa ta cafe ɗanta da zai faɗi, ko wani ya janye hannu daga wuta. Ba a faɗinta a kan abin da aka kwana ana shiryawa, ba a kuma faɗinta a kan tuntuɓe."

Magaji ya ce, "To faɗe ta mu ji."

Aku ya faɗa. Kunkuru ya gwada maimaitawa, ya sarƙe a tsakiya, sai da aka bubbuga masa baya. Majalisa ta yanke cewa kalmar da dattijo ba zai iya furtawa ba ba ta da mazauni a cikin doka. Zomo ya ce ai mu ma muna da ilhami. Jimina ta ce wannan kalma ta yi wa bauna girma.

Ta ƙara da cewa, "Mu 'yan majalisa ba ma ɗaga ƙafa sai mun auna. Da ni ce a bakin tafkin, da na kira taro, an duba lamarin ta kowace fuska. Abin da ya raba mai hankali da sauran dabbobi ke nan."

Dela ta ce, "Da kin dawo daga taron, Hajiya Jimina, sai ki zo mana ta'aziyya."

Dariya ta ɓarke, masu goyon bayan Jimina suka hau ihu. Magaji ya fusata, ya ɗaga sanda ya maka wa gindin gamji don a yi shiru. Ya sake makawa. Ashe a kogon bishiyar akwai ƙudan zuma.

Tasalla ta ji rugugi a sama, ta tura maraƙinta ƙarƙashin cikinta, ta tsaya cak. Da ta ɗago kai ba kowa a gindin gamji. Majalisa gaba ɗaya tana cikin tafki. Jimina, da yake ta fi kowa tsawon ƙafa, ita ta fara isa tsakiya. Magaji ya nutse har wuya, sandarsa tana yawo a kan ruwa.

Da ƙudan suka lafa, Tasalla ta tako bakin gaɓa, ƙafafunta a bushe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da gangan ne ko bisa kuskure?"

Magaji ya tofar da ruwa, ya gyara murya. Daga inda yake ya sanar cewa doka ta samu kalma ta uku, wato "jiki ya riga", kuma wanda jikinsa ya riga shi ba kora, ba nadama. Ba wanda ya ƙi. Jimina ma ta ce dama ta daɗe da wannan ra'ayi.

Ƙananan dabbobi suka yi ta guɗa. Dela ta ɗora ɗanta tsakanin ƙahonnin Tasalla, aka raka ta gida ana tsalle, maraƙinta yana gaba.

Har yau a dajin ana yabon wannan majalisa saboda zurfin da ta shiga kafin ta yanke hukunci.