Bakin Usta Shahata da Saɓar Gimbiya

"…lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai tun da kika leƙo kasuwata ta tsaya," in ji Usta Shahata, tsohon gwanin guga, ƙafarsa ɗaya a kan dutsen guga irin wanda ake turawa da ƙafa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Da can gudu take yi? Riga biyu nake gani a rataye, ɗaya ma taka ce."

Basant ke nan, jikarsa, 'yar jami'a mai bakin tsiya. A saman shagon suke zaune ita da iyayenta. Ta sauko a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, rungume da akwatin gilashi da ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Rana ta take tsaka a birnin Asyut na ƙasar Masar, iska ta bushe ƙayau, ga shi an ɗauke wuta tun hantsi.

Duk unguwar nan ba wanda bai san Usta Shahata ba, amma da Girgije aka fi saninsa. Shi ne mai gugar da zai guntsi ruwa ya fesa wa riga da baki, feshin ya sauka laushi-laushi kamar raɓa, ko ɗigo ɗaya ba za ka gani ba. Angwaye har daga ƙetaren kogi suke kawo masa kaya. Wannan suna shi ne gonarsa, shi ne rawaninsa. Abin da unguwa ba ta sani ba, tun da likita ya cire masa haƙoran gaba ya sa masa na roba, feshin ya ƙi. Ranar da ya gwada, haƙoran suka riga ruwan isa kan rigar. Allah Ya rufa asiri ba kowa a wurin. Washegari ya hau jirgin ƙasa har Sohag, inda ba a san fuskarsa ba, ya sayo ɗan famfon feshi na tagulla, ya ɓoye shi a ƙarƙashin teburi. Tun daga nan sai ya guntsi ruwa a gaban jama'a, ya shige bayan labule, ya haɗiye abinsa, famfo ya yi aiki.

"Me kika kwaso mini kuma? In abinci ne ajiye, in ƙwaron nan ne ƙofa tana bayanki."

"Gimbiya ce ƙwaro? Tsoho, ka iya bakinka. Ta fi ka asali."

"Ƙoƙi-ƙoƙi ce ta fi ni asali? 'Yan matan mutane suna kiwon zabbi da tattabaru, tawa amaryar kiwon abin da ake kashewa da takalmi take yi. Na sake ki."

"Jiya ma ka sake ni, da yamma ka aiko a zubo maka waken da na dafa."

"Yunwa ba ta san saki ba."

Ta ajiye akwatin a gefen teburi, ta ɗaga tawul. Ga Gimbiya nan, koriya shar, a rataye a jikin wani reshe, kai ƙasa, ba ta motsi. Wasan ya ɗan ja baya daga fuskar Basant.

"Saɓa za ta yi, Kaka, ta ƙarshe, wadda za ta fito da fukafukai. In iska ba laima, tsohuwar fatar za ta manne mata. Ko ta fito a gurguwa, ko ta mutu a ciki."

"Ina injin nan naki mai fitar da hayaƙin sanyi? Wanda kika hana mu barci da yabonsa, wai daga Alƙahira aka aiko shi?"

"Ba wuta."

"Af! Ashe girgijen zamani sai da waya a gindi."

"Yi dariyarka, rana ce ta ba ka."

"Kwalbar feshin uwarki fa, ta goge tagogi?"

"Na wanke ta har hannuna ya yi jawur, ƙanshin sabulun bai fita ba. Guba ce a wurinta."

"Ki aro ta wanzami."

"Na je. Tasa ba feshi take yi ba, tofi take yi. Ɗigo ɗaya ya bugi Gimbiya, ta faɗo, shi ke nan. Ga turare a ciki, irin naku na tsofaffi, mai korar sauro."

"To tawul ɗin nan?"

"Kafin in sauko bene ya kusa bushewa. Saura abu guda a duk faɗin Asyut." Ta zaro kwalbar ruwa mai tsabta daga jaka ta dire a gabansa. "Kurkure bakinka, mijina. Da tsohuwar zuma ake magani."

Usta Shahata ya saci kallon ƙarƙashin teburi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya gyara tsayuwa, ya murza gashin baki, ya hau borin girma.

"Ke! Bakin da ya fesa wa rigunan alƙalai? Bakin da amare suke aiko masa da alewa? Shi zan sunkuyar wa fara?"

"Ba fara ba ce. Kuma ai kai ka ce mini wata shekara damina ta ƙi, ka hau soro ka shayar da gonar masara."

"Gona biyu ce. Kada ki rage mini."

"Ka ce tsuntsaye suka fake, suna tsammanin hadari ne."

"Har bakan gizo ya fito. Tambayi Milad."

Da ya sani da bai ambaci sunan ba. Milad mai shayi, wanda shagonsa yake kallon nasu, kunnensa ya fi na zomo. Ya ɗago daga kan tukunyarsa ya ƙwala murya.

"Girgije zai yi feshi a fili? Wallahi an daɗe! Ku jira ni, in sallami mutanen nan in zo!"

"Yi a hankali, Milad!" in ji tsohon. "Kada ka ƙone!" Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa. "Kin ga abin da kika jawo? Yau bakin nawa azumi yake."

"Na ga ɓawon kankana a bakin ƙofa."

"Na jiya ne."

"Kaka," in ji ta. "Duba."

Ya duba. Bayan Gimbiya ya tsage, wani sabon jiki fari-fari ya fara turowa. Ta yi yunƙuri, ta tsaya. Ta sake yi, ƙafafun gaba suka ƙi fita, fatar ta riƙe su kamar rigar da ta yi wa yaro kaɗan. Basant ta daina magana, abin da kakanta bai taɓa gani ba tun da ta koyi kiran sunansa.

Shi dai ƙwaro bai dame shi ba. Amma yarinyar nan tun abin yana kamar tsinken ashana take renonsa, tana kama masa ƙudaje a bayan shagon mahauci, mutane suna yi mata dariya. Tausayinta ya kama shi, ya fi ƙarfin kunyarsa. Ya ja labule, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara, ya zura hannu ƙarƙashin teburi ya fito da famfon.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce, bai dube ta ba. "Zuba ruwan. Ba a taɓa sa masa komai ba sai ruwa."

"Kada ka fesa a jikinta. Bango da ganye kawai."

"Ke za ki koya wa Girgije feshi?"

Ya danna. Feshin ya tashi sumul, ya sauka a bangon gilashi kamar numfashi. Ya ƙara, ya ƙara, da irin hannun da ya san inda ruwa ya isa. Ganye ya yi sheƙi. Suka tsaya kai da kai suna kallo. Can Gimbiya ta murɗa, ƙafa ɗaya ta zame ta fito, ɗayar ta biyo. Sannu a hankali ta zare jikinta duka, ta rataye a jikin tsohuwar fatar, fukafukanta a cukuikuye.

"Ta fito!" in ji Basant, hawaye da dariya a haɗe.

"Dubi fukafukan. A yamutse. Miƙo ta in goge."

"Taɓa ta ka ga saki na gaskiya."

Ya juya famfon a hannunsa. "Ba ki yi mamaki ba."

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Ɗakina ne a saman kanka. Kullum sai na ji fis, fis, fis. Wane baki ne yake kukan ƙarfe?"

"Ashe da gangan kika zo, 'yar nema!"

"Da na ce ara mini, cewa za ka yi ba ka taɓa ganin famfo ba."

Kafin ya ba ta amsa, aka yaye labule. Milad ne, da faranti da kofuna uku, idonsa ya sauka a kan tagullar da ke hannun Usta Shahata. Tsohon ya ji ƙasa tana neman tsagewa. Sunan da ya tara tun yana saurayi, ga shi nan zai zube a gaban mai shayi, wanda abin da ya gani da azahar, kafin la'asar ya kai bakin kogi.

"Usta, wannan fa? Famfo a shagon Girgije?"

Basant ta fizge shi daga hannun kakanta.

"Nawa ne, Baba Milad! Na Gimbiya. Na kawo masa ya gani, tun ɗazu yake zaginsa. Wai feshinsa bai kai rabin nasa ba."

"Rubu'i na ce," in ji Usta Shahata.

"To an yi feshin bakin?"

"Ka makara," in ji ta. "Dubi gilashin nan da kyau. Ka taɓa ganin raɓa irin wannan in ba daga hannun kakana ba?"

Milad ya leƙa, ya girgiza kai. "Girgije sai Allah. Tsufa bai taɓa shi ba."

"Kuma a nan zan riƙa ajiye famfon, a kan teburi, ɗakina ba wuri. In kun gan shi, nawa ne."

Da Milad ya koma, Usta Shahata ya dubi jikarsa, alfahari ya cika masa ƙirji har ya rasa zagin da zai yi mata. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi maza ya dafe haƙoransa da hannu.

"Kin ci, ja'ira. Naki ne, halak malak, na ba ki. Na kuma mai da ke ɗakinki."

"Na karɓa. In kana so, sai ka zo aro."

Ta ɗora famfon a tsakiyar teburin guga, inda duk mai wucewa zai gan shi. Usta Shahata ya jawo rigar da ke jira, ya shimfiɗa, ya ɗaure labulen a gefe.

"Amarya," ya ce, "ara mini."